Hankicin Baban Nano

Duk mai son ɗansa ya karanci kimiyyar nano, wato ilmin sarrafa abubuwan da suka fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai, to ya kawo shi kwalejinmu. Muna da sashe sukutum, da allo mai rubutun ruwan zinariya, da mutumin da aka halitta musamman domin wannan aiki. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a ƙarƙashin muƙamai. Ɗalibai Baban Nano suke kiransa. Ya ji, ya ɗauka lambar girma ce.

Ilminsa kuwa ba a magana. Ya taɓa halartar taron kwana uku a ƙasar waje, ya dawo da jaka mai tambari da katin ratayawa a wuya, har yau bai cire ba. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin sashen, ba a taɓa kama shi da laifin kunna wata na'ura ba. In wani marar kunya ya tambaye shi sakamakon bincikensa, sai ya yi masa murmushin tausayi.

"Malam, aikinmu ido ba ya ganinsa. In ka gan shi, to ba nano ba ne."

A ƙarshen baranda akwai ɗakin gwaji da ba a shiga sai da farar riga da hular leda da safar hannu, don ƙwayar ƙura ɗaya kan ɓata aikin wata guda. Baban Nano ne ya rubuta dokar, ya sa hannu, aka liƙa a ƙofa. Shi kaɗai ne ba ta hau kansa ba. Da kwat ɗinsa yake shiga, da turarensa, wani lokacin har da kofin shayi. A fahimtarsa, ƙura ta san manya.

A ɗakin nan wata ɗalibar ajin ƙarshe ta tare. Mai Gilashi ake ce mata, don wata takwas ta yi tana fama da wani ɗan gilashi da bai wuce farcen babban yatsa ba, tana shimfiɗa masa siraran zaren azurfa. Sau arba'in aikin yana lalacewa tana sakewa. A na arba'in da ɗaya ya kama. In ka duba da ido, wani ɗan dusu-dusu kawai za ka gani, kamar an hura wa madubi numfashi.

Wannan dusu-dusun shi ne rayuwar ajinsu. Hukumar tantance kwasa-kwasai ta aiko cewa za ta zo, kuma sai ta ga aikin ɗalibi na gaske ko da ɗaya ne, in ba haka ba babu mai karɓar takardar kammalawa bana. Aka bincika sashen kaf, nata kaɗai aka samu.

Baban Nano ya tashi tsaye. Aka yi wa baranda fenti. Aka aro tukwanen fure daga sashen noma. Ranar zuwan baƙi ya sa ɗalibai duka, har da Mai Gilashi, suka jeru a bakin ƙofar kwaleji riƙe da ƙyallen maraba mai hotonsa. Shi kuma ya shiga ɗakin gwaji zagayen ƙarshe shi kaɗai.

Nan idonsa na ƙwararre ya faɗa kan gilashin, cikin 'yar kwalbarsa. Ya buɗe, ya ɗaga shi wajen fitila, ya ja tsaki. Yaran zamani! Baƙi na hanya, an bar datti a kan abin da za a nuna musu. Ya zaro hankici, ya hura, ya murza gaba da baya har sai da gilashin ya ɗau ƙyalli. Ya mayar, ya rufe.

Shugabar baƙin wata dattijuwa ce mai kaurin tabarau, ba ta da yawan magana. Baban Nano ya yi mata jawabin minti arba'in.

"Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yanzu, ƙarƙashin jagorancina aka haife shi. Ni ba na barci don ɗalibaina su yi barci."

Aka ɗora gilashin a na'urar hangen ƙananan abubuwa. Dattijuwar ta duba. Ta juya maɓalli, ta sake dubawa. Ta cire tabarau ta mayar.

"Gilashin nan fes yake, Farfesa. Babu komai a kansa."

Baban Nano ya gyara wuyan kwat, ya dubi sauran baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Na gode. Da hannuna na goge shi ɗazu. Ni a sashena ba na lamuntar ƙazanta."

Mai Gilashi ba ta yi kuka ba. Ta cire safar hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta ninke ta ajiye a kan tebur. Na ga abubuwan takaici da yawa a kwalejin nan, amma wannan ninkewar ta tsaya mini a rai.

Dattijuwar ta juya gare ta. "'Yata, wata nawa kika yi a kansa?"

"Takwas, Mama."

Ta rubuta wani abu a takardarta, wanda daga baya muka gane ma'anarsa ita ce ajin nan sai baɗi. Sannan ta rufe biro, ta dubi Baban Nano sama da ƙasa.

"Shekarata talatin ina zagaya makarantu. Ban taɓa ganin wanda ya gama da aikin wata takwas cikin daƙiƙa biyar ba sai kai."

Ya ɗan russuna, ya roƙi ta maimaita a hankali don sakatarensa ya rubuta.

Washegari aka liƙa maganar a allon sanarwa da manyan baƙaƙe, daidai wurin da aka tanada don sunayen waɗanda suka kammala.