Bakin Kakata a Kan Allo

"Lafiya lau, mijin wahala. Wannan sammakon fa? Ko an kore ka ne?"

Kakata ce ta tambaya, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana fama da zare da allura. Saura kaɗan ta canka. Wata biyu ke nan da na samu aikin koyarwa bayan gama jami'a, kuma har yanzu gwada ni ake yi. Jiya shugaban makaranta ya ce in zo ofis yau ƙarfe goma in kare kaina a gaban mahaifin wata ɗaliba.

"Ba a kore ni ba tukuna, amarya. Zuwa na yi ki raka ni makaranta."

"Ni zan jera a titi da mai wuya kamar igiyar shanya?"

"Irin wannan ne ya ja mini. Abin da kika yi yanzu sunansa kamance. Darasin adon harshe nake koyarwa, na rasa misali, sai na rubuta a allo..."

"Ƙarasa mana."

"Bakin kakata kamar tsohuwar jakar da zif ɗinta ya lalace."

Ta ajiye allurar. "Yara nawa ne a ajin?"

"Arba'in da biyu."

"Yara arba'in da biyu sun kwafe bakina a littafi. Madalla."

"Sai na ba su aikin gida, kowa ya yi jimla biyar a kan wani na gidansu. Wata ta yi a kan babanta. Ya zo da littafin yana huci, ya ce malamin da ke zagin kakarsa a allo ba shi da tarbiyyar da zai ba 'ya'yan mutane. Na ce wasanmu ne ni da ke. Ya ce shi bai ga kaka ba, rubutu ya gani."

"Gaskiyarsa. Zan je in ce ban taɓa ganinka ba. Jikokina duk kyawawa ne. Kai a kwandon shara aka tsinto ka, kunnuwanka ne suka hana murfin rufuwa."

"Wannan kambamawa ce."

"Ina zaginka kana raɗa wa zagin suna. Shekara huɗu a jami'a, abin da ka koyo ke nan? Kai dai tulu ne."

"Siffantawa," na ce. Na dubi agogo, tara ta gota. "Kaka, in suka sallame ni ban san da wane ido zan dubi Baba ba. Ya gama gaya wa abokansa ɗansa ya zama malami."

Ta dube ni, ta kau da kai.

"Wato bakin da ka raina, shi kake so ya cece ka yau. Ka dai san jakar da ba zif ba ta riƙe kaya. In na buɗe ta a ofis, har fitsarin kwancen da ka yi mini a katifa sai ya zubo."

"Ki zubar da komai, ki dai zo."

"Ita yarinyar me ta rubuta?"

Na rage murya. "Ta ce in babanta zai shiga ɗaki, tumbinsa ne ke fara yin sallama, sai an amsa sannan shi ya iso. Mutuntarwa ke nan."

"Nawa ka ba ta?"

"Goma bisa goma. Har na rubuta 'da kyau' da jan biro."

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta share hawaye da gefen mayafi.

"Ashe ba bakina ne ya dame shi ba, jan biron ne. Miƙo mini takalmina, sakarai, ka goge zufar nan. Zan je. Amma in mun shiga ka tsaya a bayana ka yi shiru, sai na gama gaisawa da wanda ya fara isowa."