Mai Farce da Wuƙar Roba

Tsoro ya fara kama ni ne a daidai lokacin da mutumin da zai yi mini ganawar ɗaukar aiki ya ture takarduna gefe, ya zaro wuƙa daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To samari, me ka gani?"

Kada dai a yi wa bawan Allah mummunar fahimta. Shugaban sashen ma'aikata na wannan kamfanin sufuri bai taɓa yanka ko da zare ba. Masani ne, mai irin ilimin da jami'o'i suka yi sakaci ba su buɗe wa tsangaya ba, wato ilimin wuƙar aljihu mai naɗewa. Shi ya kafa ƙungiyar masoyanta, shi ke lashe zaɓen shugabancinta kowace shekara ba hamayya. 'Yan ƙungiyar kuwa, in sun taru, ƙaramar mota ɗaya ta ishe su har da wurin jaka. A bayan idonsa ma'aikata na kiransa Mai Farce, saboda farcen babban yatsansa na dama da ya tara har ya kusa kai cokalin shayi. Da shi yake ɓanɓaro ruwan wuƙa daga cikin ƙota. An ce kulawar da farcen nan ke samu, da 'yan fansho sun samu rabinta da sun yi ƙiba.

Tun da na gama jami'a ba a taɓa kirana ganawa ba sai wannan. Umma da kanta ta goge mini riga. Na daɗe a kan benci a bakin ofishin ina cizon farce har ban bar ko ɗaya ba. Sakatariyarsa ta tausaya mini, ta raɗa mini, "Ƙanena, kome ya tambaye ka, ka ce ƙaho."

Don haka na ce, "Ƙaho na gani, ranka ya daɗe."

Fuskarsa ta washe. Ya miƙe ya ja ni gaban wani kabad na gilashi da ya cinye bango guda. A da na fayil-fayil ne. Yanzu fayil-fayil ɗin na jibge a ƙasa, wuƙaƙe kuma na kwance a sama kan jan ƙyalle, kowace na sheƙi da man keken ɗinki.

Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ƙaho! Har yanzu akwai 'ya'yan mutane a duniya. Saurara, samari. Wuƙa ta gaske ƙotarta ƙaho ce, ko ƙashi in an matsu, ƙusoshinta kuma tagulla. Ba ta son makulli. Ƙarfen bayanta ke riƙe ta, kamar yadda mutunci ke riƙe dattijo. Kuma da hannu biyu ake buɗe ta, yadda ake gaida manya. Wadda ake danna wa maɓalli ta yi tsalle da hannu ɗaya, wannan ba wuƙa ba ce, rashin tarbiyya ne."

Na dafe aljihuna kamar mai ɓoye kayan sata. A ciki akwai wata 'yar wuƙa mai ƙotar roba koriya shar, da maɓallinta, wadda ƙanwata ta saya mini a hannun mai talla a bakin titi don fiƙe fensir.

Mai Farce ya sa farcen, ya cije leɓe, ya buɗe tasa da ƙyar. Ya kai ta kusa da kunne, ya lumshe ido, ya rufe.

"Ka ji? Ƙwas! Wannan ita ce murya. Bara wani ya kawo mana wadda ke rufewa shiru kamar munafuki, a ranar muka kore shi daga ƙungiya."

Tsautsayi ya sa na tambaya, "Tana da kaifi kuwa, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni kamar na tambayi shekarun matarsa. "Kaifi? Mahauci ka ɗauke ni? Yanka yana barin tabo a jikin ƙarfe. Duk waɗannan da kake gani, babu wadda ta taɓa ƙasƙantar da kanta."

Don ya nuna mini makomar jahilai, sai ya ɗauko takardun wanda ya shiga kafin ni. "Digirinsa biyu. Na ce wace ƙota ya fi so, wai duk wadda ta yanka!" Ya sunkuya ya cusa su a injin yayyaga takardu da ke gefen tebur, bakinsa bai daina wa'azi ba. Injin ya cinye digiri biyu, bai ƙoshi ba, ya kama katin shaidar da ke lilo a wuyan shugaba. Igiyar katin ba irin ta kowa ba ce, faffaɗa ce mai kauri, ya bayar an yi mata aiki da zaren zinari, an rubuta muƙaminsa kaf. Injin ya fara haɗiyar muƙamin harafi bayan harafi, kan mai muƙamin na bin baya.

Na danna maɓallin kashewa. Ashe ya lalace tuntuni, takardar neman gyaransa na cikin fayil-fayil ɗin ƙasa. Na bi wayar wutar injin don in zare, ta shige bayan kabad. Na sa kafaɗa zan ture.

"Kada ka girgiza su!" in ji shi, da murya kamar ta ɗan akuya.

Igiya ta riga ta ɗame, ba ta fita ta kai. Ya dafe tebur da hagu don kada a ja shi, ya nemi buɗe wuƙar ƙaho da dama ita kaɗai. Wuƙa mai tarbiyya ta ƙi. Ya matsa mata. Sai muka ji ƙwas, muryar da ta fi ta ɗazu daɗi. Ba wuƙar ba ce, farcen ne ya karye.

Ya turo mini ita. Na duba yatsuna, na riga na cinye kayan aikina a kan benci. Na kai ta baki.

"Ba da haƙori ba, ɗan nan! Ƙaho ce!"

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Wanda ya faɗi haka bai san Mai Farce ba. Haɓarsa ta kusa taɓa bakin injin lokacin da na rufe ido, na zaro rashin tarbiyyata, na danna. Ja ɗaya, igiya ta rabu.

Ya zube a kujera yana haki. Da numfashi ya dawo, ya gyara wuyan riga, ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi. Wuƙar yake so. Ya juya ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Roba. Maɓalli. Ba murya." Ya dubi guntun igiyar. "Kuma a karkace ka yanka. Zan riƙe ta in nuna wa 'yan ƙungiya inda duniya ta dosa. Je ka, za ka ji daga gare mu."

Har yau in na ji ƙarar injin niƙa sai na shafa wuyana. Umma ta ce ceton rai ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ƙanwata ta ce in biya ta wuƙarta. Jiya na kasa haƙuri na buga wa sakatariya waya.

"Yaya, an fitar da suna?"

"Tukuna, ƙanena. Ya ce ba zai sa hannu a kome ba sai farcen ya tsiro." Ta yi ƙasa da murya. "Ita dai wuƙar taka kullum tana aljihunsa. In ya kulle ƙofa da ita yake ɓare lemo, don a duk ofishin nan ita kaɗai yake iya buɗewa."

Wuƙata dai ta samu aiki. Ni har yanzu ina jiran kira.