Akuyar da Ta San Hanya

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da akuyar da na saya a gwanjon kotu ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Zuru, wajajen 2004, ina kuma neman auren Rahila, 'yar wani tsohon saje mai zafin rai da ke Mahuta. Ranar da zan je gaisuwar farko ta matso, aljihuna kuwa sai iska.

Sai na ji ana gwanjo a bakin kotu. Hukumar da ke ba manoma rancen taki ta kai ƙarar waɗanda suka ƙi biya, alƙali ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu suka bi gida-gida suka kwaso kaya. Cikin kayan har da wata jar akuya mai yankakken kunne, ƙosasshiya, da araha kamar kyauta. Na saye ta ina jin kaina ɗan kasuwa (ni da ko tumatir ban iya tayawa ba).

Da muka sauka daga mota a Mahuta, akuya ta shige gaba tana jana. Ni da ban taɓa zuwa gidan ba, ko tambaya ban yi ba. Duk kwanar da ta sha daidai ce da kwatancen Rahila. Na ce a raina, wannan aure daga Allah yake, har dabba ta shaida.

Muna shiga ta fizge igiya ta nufi turke, karen gidan yana yi mata murna. Duk da haka ban gane ba. Na durƙusa gaban Baba Saje, ga dangi cike da tsakar gida, na buɗe baki:

"Baba, ga 'yar tsaraba. A kotu na samo ta. Wani matsiyaci ne ya ci bashin taki ya kasa biya, aka ƙwace."

Har dariya na ƙara, ni kaɗai.

Maman Rahila ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta dubi akuya, ta dubi mijinta. "Saje, ba kai ka ce kura ta ɗauke ta ranar da muka tafi coci ba? Ashe kurar da takarda ta zo?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Rahila ta ruga ɗaki. Na tabbata aure ya mutu tun ba a ɗaura ba.

Baba Saje ya gyara zama, ya dube ni. "To, Malam, akuyata ta dawo gida, mun gode Allah. Kai kuma me ka kawo?"

Damina biyu na yi ina noma a gonarsa kafin ya ba ni Rahila. Har yau ina zuwa gwanjo, amma ba na sayen abin da ke da ƙafa. In kuwa dabba ta fi ni sanin hanya, juyawa nake yi.