Kumbon Mijin Gwaggo

Wai ku ba ku da aikin yi ne? Mutum ya wuni tsaye a kanku kamar mai kiwon awaki, ya samu ya miƙe ƙafa, sai a taso masa da tambaya. Wai me ya sa nake kiran mijin gwaggonku Kwamandan Tanki. A zamaninmu yaro ya isa ya tambayi dalilin sunan babba? To tunda kun tono, ku zauna. Wanda ya katse ni, nan labari ya ƙare. Wanda kuma ya kai masa, ni da shi.

Mijin gwaggonku dai mai walda ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba: in ya haɗa maka ƙofa, ɓarawo sai ya zauna ya yi kuka. Ciwonsa ɗaya, baki. Kullum cewa yake da an haife shi inda ake harba kumbo, da yanzu yana da fili a duniyar wata, har da na haya. In an ce jirgi ya faɗi, ya san ƙusar da ta kwance. In an ce an ƙera mota mai tuƙa kanta, shi ya fara tunaninta, aiki ne ya yi masa yawa.

A gidansu akwai ɗaki ɗaya mai ƙofa a bakin titi. Shi ya cika shi da matattun fankoki, da hanjin rediyo, da ƙarafan da ko mai gwangwan ya gani sai ya yi gaba. Ya sa masa suna ɗakin bincike. Gwaggonku kuwa tela ce, a lungun da ke tsakanin kicin da tsakar gida take ɗinki, masu kawo kaya suna tsallake tukwane kafin a gwada su. Shekara uku tana roƙon ɗakin nan ta buɗe shago, shekara uku yana ce mata ba a tashin ilimi don a zaunar da zare da allura.

Sai dogon hutu ya zo. Makarantu a rufe, wuraren aiki a rufe, muka taru a gidan, har da yayyenku, ku lokacin wasu na goye wasu ba a ma san da su ba. Yayyen naku suka zo da finafinai da littattafai na 'yan sama jannati. Tun safe talabijin ke ihu. Ni ban yi boko ba, amma ina zaune ina tsince wake, ido kuma ba ya neman takardar shaida. Na ga mutane masu kai kamar tulu, na ga ƙarfe yana yi wa mai shi rashin kunya, na ga wasu kore shar da ido uku sun bar garinsu sun zo neman rigima. Yara suna kallo suna dariya. Shi kuwa gwanin naku yana gaba da kowa, da littafi a cinya da biro a kunne, yana gyara wa masu fim kuskure.

Ran nan aka nuno waɗansu an rufe su cikin kumbo wata da watanni. Ya taɓe baki ya ce wannan ai wasan yara ne, shi a rufe shi kwana uku ko tari ba zai yi ba. Gwaggonku ba ta ko ɗaga kai daga bakin zanen da take kalmashewa ba, ta ce mutumin da ba ya iya awa ɗaya bai leƙa tukunya ba.

Abin ya sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya miƙe tsaye ya ce a sa sharaɗi. In ya cika kwana uku, ba za ta sake ambaton ɗakin ba har abada, kuma a gaban mutane Kwamanda za ta riƙa kiransa.

“In ka fito kafin nan fa, Maigida?”

“Ɗaki naki ne.”

Ta juyo ta dube ni. Na ce na ji, kuma kunnena ba ya mantuwa.

Kwana huɗu yana ƙwanƙwasa. Ya jawo wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe ya tsayar a ƙofar gida. Ya yanka masa ƙofa, ya ciro murfin gilashi na wani mataccen injin wanki ya yi taga. Ya kafa kujerar mota tana kallon sama, ya jera maɓallai sun fi talatin a kan katako, ba wanda ke haɗe da komai. Ya sa gwaggonku ta ɗinka masa riga da wando a haɗe, da wannan leda mai sheƙi da ake rufe gilashin mota, ya kafe lallai zif a baya za a sa, don a hoton littafi bai ga maɓalli a gaba ba. Ta ce to. Ban taɓa ganin ta yi ɗinki da fara'a irin ta ranar ba.

Abinci kuwa, wai su can ba sa tauna, tsotsa suke yi. Ya dafa wake, waken da na tsince da hannuna, ya dama shi da ayaba ya ɗura a leda tara. Iska kuma, wai littafi ya ce tsiro ke ba da ita, ya ɗauke mini barkonon da na shuka a gwangwani. Da ya ga ba mai kallo, ya zagaya bayan tankin ya huda 'yan ramuka. Da aka tambaye shi, ya ce na kimiyya ne.

Sannan ya ɗaura lasifika a saman tankin, irin ta masu tallan magani, don duk layin su ji rahotonsa. A ƙarshe ya zo gabana ya durƙusa da makullin kwaɗo.

“Inna, ranki ya daɗe, ke zan ba. Ko na yi kuka, ko na yi rantsuwa, kada ki buɗe. Sai in na faɗa da bakina a lasifika cewa na kasa, na kuma faɗi dalili. Haka manyan matuƙa ke yi.”

Na ɗaure makullin a bakin zanena. Na ce, “Ɗan nan, ka tabbata ba abin da ka manta?”

Ya yi murmushin tausayin jahili. Ya ce fim goma sha tara ya kalla, littafi shida ya karanta, duk abin da suka ɗauka ya ɗauka.

Nan ne fa. Ni ma fim goma sha taran nan na kalla, kuma abin da na lura da shi, cikinsu kaf ban ga mutum ɗaya ya ce a dakata zai zaga ba. Suna ci, suna sha, suna harbe-harbe, amma ba mai zagawa. Na sake tambayarsa har sau biyu. Fiye da haka ba maganar da suruka za ta yi da mijin 'yarta ba ce. Kuma ɗakin, ai 'yata ce ke so.

Da safe, ƙarfe tara, layi ya cika. Mai aski ya rufe shago ya zo da benci. Mai wanki da guga ya zo, direban tasi ya ajiye mota, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Gogan ya fito yana ƙyalli kamar kifin gwangwani, da hular kwanon babur a ka, yana tafiya a hankali yana ɗaga ƙafa, wai yana saba wa jikinsa. Ya shiga, na datse kwaɗo. Ya fara ƙirga daga goma yana komowa baya. Na ce wa gwaggonku duk tafiyar da aka fara da lissafin baya, ba gaba za ta ba.

Ya sa an kunna tsumma a gwangwani ƙarƙashin tankin don a ga hayaƙin tashi. Hayaƙi kuwa ya tashi, ya bi ramukan kimiyya ya shige ciki. Abin da duniya ta fara ji daga sararin sama tari ne, tarin da ya ce ba zai yi ba. Sai da mai wanki ya watsa wa gwangwanin ruwa.

Da ya sami numfashi ya gyara murya. “Kwamanda yana kiran Ƙasa. Komai lafiya. Ina hango duniya 'yar ƙarama.” Abin da ke gaban tagarsa kuwa igiyar shanyata ce.

Rana ta ɗaga. Ku tuna, tankin ƙarfe ne, ga mutum cikin leda, ga hular kwano. Gumi ya fara taruwa masa a takalmi. Ya dubi barkonona, mai ba shi iska, ya ga ya sunkuyar da kai ya riga shi sallamawa. Ya buɗe gorar ruwa ta farko, ta biyu, ta uku. Kafin ƙarfe goma ya shanye ruwan kwana biyu. Zama ya ishe shi, maɓallan ba sa yin komai, sai ya ce bari ya ɗanɗana abincin 'yan sama. Leda ɗaya, leda biyu, har huɗu. Wake da ayaba, sun kwana, sun kuma sha zafi.

Cikin maɓallai talatin ɗin nan, ɗaya ne ya kamata ya yi na gaske bai yi ba: maɓallin kashe lasifika. Sai ga wata ƙara ta cika layin, doguwa, mai hawa da sauka. Mai aski ya gyara zama ya ce, to, yanzu injin ya kama.

Ƙarar ta lafa. Sannan murya ta fito, ta rage kauri. Wai Ƙasa ta buɗe ƙofa, zai fita ya duba jikin kumbo ta waje, minti biyar kawai, haka ake yi. Na matsa kusa da taga na ce ya duba ta ciki, don ƙafarsa na taɓa ƙasa ɗaki ya tafi.

Can kuma sai ya ce akwai wata baƙuwar halitta a cikin kumbon, mai ƙahoni biyu, tana nufo shi. Kyankyaso ne, tun tankin na bayan gida yake zaune a ciki abinsa. Na ce ai a duk finafinan da muka gani, in halitta ta shiga ba a buɗewa, kada ta sauko ta cinye mutanen duniya. Direban tasi ya ce wallahi Inna ta fi shi karatu.

Muna ganin hular kwano tana kai da komowa a taga. Tankin ya fara rawa a kan ƙafafunsa. Sai ya kira gwaggonku da sunan da yake kiranta a ɗaka, ya ce ta matso zai yi mata raɗa. Ya manta raɗar ma ta lasifika take bi. Layi guda ya ji yana cewa ta rufa masa asiri, ta lallaɓa ta zaro makullin. Ta ce makulli na bakin zanen Inna, in ya ga zai iya, bismilla.

Ya yi nishi irin na motar da ta ɗauki siminti.

“Inna.”

“Ina jin ka, Kwamanda.”

“Na kasa.”

“Saura dalili. Kai ka sa dokar.”

Ya faɗi wani abu can cikin maƙoshi. Na ce kunnen tsufa, ya ɗaga murya.

“Ban ɗaki, Inna! Don girman Allah, ban ɗaki!”

Har masu wucewa a babban titi sai da suka waiwayo. Na kwance bakin zanena a nutse, don ƙullin na riƙe ne, na buɗe kwaɗo. Ya faɗo waje, wani tururi ya biyo shi wanda ya sa mai aski ya ja bencinsa baya. Tafiyar 'yan sama ta ƙare, yanzu ta agwagwa ce, gwiwa haɗe da gwiwa. Ya kai tsakar gida, ya kai hannu gaba, ba maɓalli. Ya kai baya, hannu bai isa zif ba. Ya dinga juyi a wuri ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa.

Gwaggonku na tsaye da almakashi.

“Ɗakin fa, Maigida?”

“Ki ɗauka. Har fankokin.”

“Fankokin naka ne, kai za ka kwashe.”

Ya ce ya ji, ya yarda, ya gode. Ta tsarge ledar daga wuya zuwa ƙugu. Ya zuba a guje, hular kwano ta daki saman ƙofar ban ɗaki, ƙau, ko waiwaye bai yi ba. Mai aski ya duba agogo ya sanar wa jama'a cewa tafiyar kwana uku ta ɗauki awa biyu da minti arba'in. Ni ban san agogo ba. Abin da na sani, zanen da na shanya kafin ya shiga, ya fito bai bushe ba.

Kafin hutu ya ƙare an share ɗaki, an yi fenti, keken ɗinki ya shiga. Shagon da kuke zuwa ana auna ku, shi ne. Barkonona ma ya farfaɗo da na ba shi ruwa, ya fi matuƙinsa ƙwari.

Tankin kuwa ban bari an yar ba, ƙarfe mai kyau ne. Na sa shi da kansa ya toshe taga da ƙofa da ramukan kimiyya, aka wanke da sabulu har sau uku, maza shida suka ja shi da igiya suka ɗora inda ake bukatar ruwa. Ran nan ya tsaya yana kallonsa daga ƙasa, na ce masa ya daina ɓata rai, ai kumbonsa ya tashi sama daga ƙarshe. Ƙafa goma sha biyu cur. Kuma ya fi mai shi hankali, don shi kai tsaye a kan ban ɗaki ya sauka.

To, kun ji. A rufe bakin nan haka, a kashe talabijin, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Kuma duk wanda ya sha ruwa ya zaga kafin ya kwanta. Kwamanda ɗaya ya ishi dangi.