Nomau da Zobe Mai Juyawa

A Rafin Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka manta, to gobe ma a can za ka same shi. Gida ɗaya suke da yayansa Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, sai matar Nomau, Ladidi, wadda ta daɗe da koyon auna magana kafin ta aike shi.

Malam Isiyaku ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tattara tarihin garin daga bakin tsofaffi, waɗanda yawancinsu yanzu sun kwanta dama. Da idonsa ya yi rauni, ɗansa na birni ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta, aka haɗa ta da sola. Malam na faɗa, Nomau na bugawa da yatsa ɗaya, don ya taɓa firamare. Takardun da Malam ya rubuta da hannu kuwa gara ta yi biki da su, saboda haka littafin nan babu shi a ko'ina sai a fayil ɗaya cikin kwamfutar, maƙare da hotunan tsofaffin rijiyoyi da kufai. Ita kuma kwamfutar, da an ce ta adana aiki sai wani ɗan zobe ya fito a fuskarta yana ta juyawa. Mutum sai ya yi alwala ya yi salla ya dawo bai tsaya ba.

Wata rana Malam ya ce, "Nomau, ina tsoron na'urar nan. Duk abin da ka buga, ka adana shi kafin ka ci gaba." Nomau ya ce to. Malam ya kishingiɗa a tabarma, ya lumshe ido, ya kama labarin babbar yunwa tun da hantsi, yana ba da shi dalla-dalla, har muryarsa ta dishe. Da aka kira azahar ya ce, "Karanta mini inda muka tsaya."

Nomau ya ce, "A za."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Yaya. Harafi na gaba yana kan adanuwa."

Ashe duk harafin da ya danna sai ya adana, ya naɗe hannu yana jiran zobe. Malam ya yi salati, ya nemi ruwan sha.

Wata rana aka kira Sagiru, mai gyaran waya a kasuwa, wanda kan taɓa kwamfuta in ta kama. Ya shafa ƙarƙashinta, ya ji zafi rau, ya ce, "Zafi na sa ta nawa. A ajiye ta a wuri mafi sanyi a gidan nan." Yana fita Nomau ya zagaya gida yana taɓa ƙasa da tafin hannu, ɗaki bayan ɗaki. Da Ladidi ta dawo daga unguwa ta tarar da randarta a tsakar gida rana na dukanta, kwamfuta kuma zaune daram a gurbin randar bisa jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai.

Ta ce, "Maigida, mu kuma ruwan zafi za mu sha?"

Ya ce, "Ke, ruwa yana da abin da zai adana ne?"

Sai da Sagiru ya wuni yana zaƙulo yashi da gashin kaza. Kwamfuta ta yi sanyi kam, amma zobe bai rage komai daga juyinsa ba.

Wata rana Sagiru ya gaji da zirga-zirga, ya ba da umarni ta waya. Ya ce, "Baba Nomau, kaya ne suka yi mata yawa. Duk abin da ba ka san amfaninsa ba, goge shi." Nomau mutum ne mai gaskiya, kuma gaskiyar ita ce bai san amfanin komai ba. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambayar kansa, "Wannan mene ne amfaninsa? Ban sani ba." Sai ya goge. Hotunan bikin ɗan Malam suka tafi, karatun da ake saurara da asuba ya tafi. Abu biyu ya bari: littafin, da wasan karta. Da Sagiru ya zo ya gani sai ya dafe kai. Allah ya taimaka komai na cikin kwandon sharar kwamfutar, don ba wanda ya ce wa Nomau ya zubar, aka dawo da su.

Sagiru ya ce, "Yanzu da ka haɗa da littafin fa?"

Nomau ya ce, "Ai shi na san amfaninsa. Shi ke hana Yaya barci."

Wata rana Malam ya tashi daga wani zazzaɓi da ya kusa tafiya da shi. Ya ce a buɗe kwamfuta, yau zai ƙarasa babin ƙarshe. Ya faɗa, Nomau ya buga, har suka kai aya. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Adana." Zobe ya fito. Hantsi ya wuce yana juyawa, rana ta take yana juyawa, fuskar kwamfuta ta yi fari fat. Aka kira Sagiru. Ya duba ya ce, "Kada kowa ya taɓa ta sai zoben nan ya tsaya. Bari in je in tambayi ogana."

Da la'asar ya dawo da saurinsa. Ya ce, "Oga ya ce ta daskare ne. A danne madannin kunna ta a kashe ta da ƙarfi." Ya miƙa hannu, Nomau ya cafke masa wuyan hannu. Nomau kuwa manomi ne, riƙonsa ba na wasa ba.

"Zobe bai tsaya ba."

"Haba Baba Nomau, ni ne fa na faɗa!"

"Ka ce kowa. Ba ka ce ban da kai ba."

Malam ya ce, "Nomau, ni yayanka na ce ka bar shi ya kashe."

"Yaya, ya kashe mana. Taɓawa ce dai ba zai yi ba."

Maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo. Aka yi lallashi, aka yi zagi, har liman ya sa baki. Nomau ya yi zaman dirshan a gaban tebur, ya baje hannuwa kamar kaza a kan ƙwai. Ladidi ta ce, "Ku daina wahalar da kanku, ni da nake aurensa ban taɓa kwance maganar da aka ɗaura masa ba." Malam ya juya fuska ga bango yana hawaye. Tsoro yake ji, don ya san ba shi da ƙarfin sake faɗar littafin nan, waɗanda suka ba shi labarin kuma ba sa nan.

Ana cikin wannan, dab da magariba, zoben ya ɓace. Nomau ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce, "Ya tsaya. Mai taɓawa ya taɓa."

Sagiru ya zauna ya duba. Littafi na nan cif, daga farko har ayar ƙarshe. Ya ce, "Ashe ba daskarewa ta yi ba, rubutawa take a hankali. Da na kashe ta a tsakiyar aikin, da wuya mu sami sabon babin, tsohon rubutun ma sai an yi sa'a." Nan take ya kwafe littafin a filashi, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ya rage girman hotunan, ya raba shi babi-babi. Aka gwada adanawa, kafin a ƙifta ido ta gama.

Malam ya lalubo hannun ƙanensa ya riƙe. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Nomau. Duk wanda ya taɓa ce maka wawa, ka kawo mini shi."

Washegari da safe Malam ya ji gida ya cika da surutu. Ya fito yana dogara sanda, ya tarar da rabin gari a tsakar gida, Nomau na jera su a layi. Ga mai shayi, ga ladan, ga Sagiru, Ladidi ce a gaba.

Nomau ya ce, "Ga su, Yaya. Sauran sun tafi gona, sai da yamma."

Malam ya tsaya yana sauraren yawan muryoyin. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa samun ko mutum biyar sun zauna sun saurare shi ba. Ya ce, "To, tunda kun taru, a shimfiɗa tabarmi. Nomau, buɗe littafin, ka fara daga farko."