Mai Tabon Zuciya Daga Wani Gari

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka tona mini asiri a ajin yaƙi da jahilci ba. Da bakina na jawo, shi ya sa ban kai ƙarar kowa ba.

Ƴan matan yanzu suna da wata kalma, wai "shanya". In saurayi ya bar yarinya, ta baza baƙin cikinta a salula kowa ya gani, yau hoton hawaye, gobe waƙar rabuwa, sai a ce wance ta yi shanya, kamar mai shanya barkono a bakin titi. A duk Madarumfa ba wadda ta kai ni tsanar wannan ɗabi'a. Ni mai suyar kifi ce a bakin tasha, kuma an san ni da cewa ban taɓa yi wa namiji kuka ba. Da wannan suna nake tsawata wa ƴaƴan kowa.

To, sai ga Ilu direba, mai jigilar Maradi. Ya daɗe yana zawarcina, har na fara ɗinkuna a ɓoye (da furfurata, e, na sani). Rannan daga bakin ƴan kamasho na ji wai ya ɗaura aure da wata a garin Sarkin Yamma. Na juya kifina na ce Allah raka taki gona. Kowa ya yaba da ƙarfin halina.

Amma abin ya tsaya mini a ƙirji kamar ƙaya. Akwai shirin gaishe-gaishe da ake yi a radiyo bayan azahar, sai na fara kira. Nakan koma bayan rumfa, in matse murya ta zama siririya, in ce Mai Tabon Zuciya ce daga wani gari. In gaida wanda ya san kansa, in ce duniya makaranta ce, in ce wanda ya ci amana shi da Allah, in nemi a sa mini waƙa mai taushi. Tun ina yi jefi-jefi har ya zama kullum. Wata rana ma na yi shesshekar gaske, mai shirin yana ta ba ni haƙuri. Na koma kan kaskona hankali kwance, a zatona ba wanda ya sani.

Ranar da abin ya faru muna aji, Madam, malamarmu, tana rubutu a allo, sai na ga Hadiza, ƙaramar cikinmu, tana latsa salula tana share hanci. Wanda zai aure ta ne ya fasa, ta kwana biyu tana shanya. Na ajiye alƙalami na hau ta da faɗa. Na ce mace mai mutunci ba ta talla da hawayenta, na ce ta dube ni, wa ya taɓa jin kukana a garin nan?

Madam ta tsaya da alli a hannu, ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Inna Tabawa ce ta yi magana, tsohuwar da ta girme mu duka, tana gyara goro a bakinta.

"Ki ƙyale yarinya, ƴar nan. Ita tata shanyar sai mai lambarta ke gani. Taki har garin Safo ake ji."

Na ce ban gane ba.

"Mai Tabon Zuciya," in ji ta, a muryar nan tawa siririya, ba ta kuskure ko kaɗan ba. "Shekara nawa kina yi mana ihun kifi da zafi a tasha? Ko cikin tulu kika shiga mun san muryarki. Ga ƙarar mai yana soyuwa a bayanki."

Daga nan kowa ta kawo nata. Wata ta ce mijinta yakan tsayar da amalanke in lokacin ya yi. Wata ta ce masunta a bakin tafki har musu suke ko yau zan yi kuka. Hadiza, da hawayenta bai bushe ba, ta ce a hankali, "Umma, ai shi ma Ilun yana ƙara wa fasinja muryar radiyo in kin fara."

Na rasa inda zan sa idona, sai na ƙura wa allo, har yau ina tuna kalmar da ke kai. Da na samu baki na tambaye su me ya hana wata ta faɗa mini tun farko.

"Mu faɗa miki ki daina?" in ji Inna Tabawa. "To me za mu saurara?"

Tun ranar ban sake kira ba, kuma na rage wa ƴan mata faɗa, domin yanzu da na buɗe baki sai in ga suna kallon juna. Na koyi cewa in kuka ya zo wa mace mai babbar murya, ta shiga ɗaki, ta ba maƙwabciya ajiyar salula. An ce har yanzu akwai wani tsoho da ke kiran gidan radiyon yana tambaya ko lafiya aka daina jina.