Alhaji Shu'aibu da Man Rana

"Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙarfin jiki? Ko da yake ba sai na tambaya ba, ga goshi nan ya ba da amsa."

Najla ce ke gaida kakanta, Alhaji Shu'aibu, a barandar gidansa da ke Nassarawa GRA. Tun da ya yi ritaya daga aikin malamin gona, lambun bayan gida ya zama ofishinsa, yana karya kumallo sai ya shige, ba ya fitowa sai rana ta take. Amma da aka sauya masa maganin hawan jini, sai fatarsa ta daina jure rana, goshi da wuya da bayan hannu duk suka feso da ƙuraje. Likita ya ce ko ya riƙa shafa man kare fata daga rana kullum, ko ya haƙura da lambu. Alhaji ya shafa sau ɗaya, ya ce shi da man har abada. 'Ya'yansa kuwa suka yanke shawarar kulle lambun. Abin da ya kawo Najla ke nan, wadda ke karatun haɗa magunguna, da 'yar leda a hannu.

"Goshin nan dai shi kika gani kika nace," in ji Alhaji. "Me kika kawo wa mijinki? In tsire ne, zauna. In wa'azi ne, ga hanya nan."

"Wane miji? Wa za ta zauna da mai fuska kamar ƙanzo? Gyara ka na zo yi, kar a ce ban iya riƙon tsoho ba. Man rana ne."

"Mayar da shi inda kika ɗauko. Wanda babanki ya kawo, na shafa na tafi masallaci, ladan ya dube ni ya ce, 'Alhaji, siminti ake saukewa a gida?' Ga maiƙo, ga zufa na kwaso shi tana zuba min a ido. Ina sallah ina hawaye, har liman ya ɗauka karatunsa ne ya ratsa ni."

"Da ka yi shiru, ai da ka yi suna a unguwa."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake."

"Wancan tsohon yayi ne, irinka. Wani farin gari ne a cikinsa mai zama a kan fata, shi ya sa yake mai da mu toka-toka. Yanzu an samo sababbin sinadarai, suna tare hasken da ke ƙona fata, ba su barin fari, kuma rana ba ta saurin kashe musu ƙarfi."

"Ni za ki gaya wa rana? Na zaga gonakin Kura da Bagwai tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba. Rana ce ke gajiya ta faɗi, ni ina tsaye. Ni da ita tare muka tashi."

"To ƙawar taka ta ci amanarka. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

Ta zazzage ledar a kan tabarma, ga mai kala uku a kwalabe, ta miƙa masa na farko. Ya matsa kaɗan a yatsa, ya ga ruwan ƙasa.

"Hoda? So kike mai gadi ya fara ce min Hajiya?"

"Launi aka sa masa don ya saje da fata."

"Ya saje da taki."

Na biyun ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Wannan kuma in na shafa, ƙudan zumar lambu za su ɗauka fure ne ya yi tsufa."

"Furen da ya bushe tun zamanin kwabo mai huji."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

Ya juya kwalbar a hannu. Can ya ce, a hankali, "Da gaske babanki zai kulle min lambu?"

"Ya sayo kwaɗon. Na gani a motarsa."

"Ga dashen lemon da na yi wa aure, bai kama ba tukuna. In na ɗauke ido, mutuwa zai yi."

"Ni ma ba na so a kulle, Alhaji. In aka raba ka da lambun nan, zama za ka yi a falo kana faɗa da rediyo. Kawo hannunka."

Na ukun tsinkakke ne, kusan kamar ruwa, ba ƙamshi. Ta shafa masa a bayan hannu, sannan a goshi da wuya, tana kauce wa inda ya fashe.

"Alwala fa?" ya tambaya. "Ruwa zai ratsa?"

"Shiga fata yake, ba ya yin ɓawo kamar fenti. Amma ka tambayi liman don ranka ya kwanta. In ka yi alwala ko ka yi zufa, sai ka ƙara. Ka kuma ɗora malafa."

"Wato kin samo min sana'a."

"Wanda duk ba ya damunka har za ka yarda ka shafa kullum, shi ne mai kyau. Sauran ko daga ina suka zo, in suna cikin durowa, aikin banza ne."

Alhaji ya tashi ya je gaban tagar falo, ya duba fuskarsa a gilashi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya shafa goshi ya dubi yatsunsa.

"Ina man?"

"Yana jikinka."

"Ƙarya kike. Ruwan famfo kika shafa min."

"Gani ya kori ji. Ka yarda ko sai na kira ladan ya ba da shaida?"

Dariya ta ƙwace masa, har da tari. Ya ɗauki kwalbar ya jefa a aljihun gaba.

"Kira babanki ki ce ya kai kwaɗonsa shago. Ke kuma shiga ki tsinki gwanda, nunanniyar da ke kusa da katanga. Ki ci ki yi ƙarfi, don yanzu da na yi kyau, sai kin bi layi."